Ƙarfe Biyun Rana a Gidan Ashraf

Wata baiwar Allah ta rubuto min a ƙarƙashin rubutuna na baya, ta ce, "Hamna, ke dai ba ki da godiya. Namiji ya gina gida ya miƙa miki makulli, kin tsaya kina dube-dube." Na karanta ya fi sau biyar. Ban ji haushinki ba, 'yar'uwa. Abin da kowa yake faɗa min ke nan a dangi, ke dai kin fi su taƙaitawa. Bari na ba ku labarin kwanakin nan yadda suka kasance, sai kowa ya yanke nasa hukuncin.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Hamna, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a nan Jalingo. Mu biyu ne a gida, ni da Dada, mahaifiyata. Ɗaki biyu muke haya a Turaki B tun bayan rasuwar Babanmu. Yayata ɗaya, Adda Aisatu, tana aure a Yola. Bara jinin Dada ya hau ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya yi nauyi, harshenta ma haka. A da ita ce abokiyar hirata. Ina dawowa daga makaranta zan cire hijabi na baje a gabanta, na ba ta labarin kowa da komai, tana tsintar shinkafa tana dariya. Yanzu kalma ɗaya sai ta daɗe tana nemanta, in ta gaji ta kau da kai ta kalli bango. Shi ya sa nake zuwa nan ina zuba muku. Ba ni da wani wurin.

Ɗakinmu rufin kwano ne ƙasa-ƙasa, babu silin, taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Duk wanda ya san Jalingo a watan Maris ya san abin da nake nufi. Kafin na fita da safe nakan jiƙa zani biyu, ɗaya na rataya a taga, ɗaya na ajiye mata a kwano kusa da hannunta mai lafiya. In na dawo na tarar duk sun bushe ƙamas, ita kuma tana numfashi da baki, rigarta ta manne a jiki. Likita ya auna ta watan jiya, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zafin nan yana ja mata baya. In da hali ku canja wuri."

Halin da muke da shi guda ɗaya ne, kuma ba zai maimaitu ba. An sayar da shanun gadonmu, rabona da na Dada, a kasuwar Iware. Sai kuma fili da Baba ya bari a hanyar Kona. Ko dai mu sayi ginannen gida, ko mu gina. In na yi kuskure, babu wasu shanun.

A nan Ashraf ya shigo. Ɗan aminin Bappa Jibrilla ne, ƙanin Babanmu, wanda yanzu shi ne waliyyina. Wata takwas ke nan yana nemana. Sana'arsa gina gidaje yana sayarwa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Mutum ne da zai shigo da shaddarsa mai tsada ya zauna a kan tabarma ƙasan Dada, ya yanka mata kankana ƙanana-ƙanana yadda za ta iya ɗauka da hannun hagu. Duk safiya kafin na gama ɗaura ɗankwali saƙonsa ya shigo: "Malama ta tashi? Ya jikin Dada?" Wata rana shi kaɗai ne mutumin da zai tambaye ni wani abu daga safe har yamma.

Ya gama sababbin gidaje huɗu a jere a Yelwa. Ya ce zai bar wa Dada na uku a kan abin da ya kashe kawai, mu kuma in an ɗaura aure mu shiga na huɗu, katanga ɗaya tsakaninmu. Bappa da ya ji sai da ya ɗaga hannu sama. Adda ta yi guɗa a waya.

Ranar Juma'a gab da magariba ya kai ni na gani. Na sa leshi ruwan hoda da farin mayafi, shi kuma shadda ruwan toka da hula kalarta, motar duk ƙamshin turarensa. Iska tana saukowa daga duwatsu, garin ya yi laushi. Gidan kuwa, jama'a, ya haɗu. Dogon rufi baƙi mai sheƙi, manyan tagogin gilashi tun daga gwiwa har sama, tayil fari kamar ka ga fuskarka, silin mai ƙananan fitilu shuɗi da ruwan zuma. Ya tayar da janareto ya kunna su duka. Na kira Adda ta bidiyo na zagaya da ita, tana ta cewa, "Tsaya, koma kicin ɗin na ƙara gani." Da za mu fita ya ajiye makulli a kan kantar kicin, ya tura shi gabana da yatsa ɗaya.

"Naki ne. Ki zo duk lokacin da kika ga dama."

Na ɗauke shi a kan maganarsa. Ranar Litinin ana tashi makaranta na ari ma'aunin zafi daga ɗakin gwajinmu, na jefa a jaka, na hau keke mai ƙafa uku ni kaɗai. Dada ba da magariba take wahala ba. Da rana take wahala, lokacin da babu kowa a gida. Shi ya sa na so na ga gidan a wannan lokacin.

Ƙarfe biyu daidai na murɗa makulli. Ina tura ƙofa wani huci ya bugi fuskata kamar na buɗe murfin tukunya. Na shiga ɗakin da muka ce na Dada ne, na ajiye ma'aunin a ƙasa, na tsaya ina jira. Babu wuta, fankar silin tana tsaye. Na ja tagar, ashe rabi kaɗai take buɗuwa, gilashi ɗaya yana hawa kan ɗaya. Kuma babu wata tagar a ɗaya bangon da iska za ta bi ta fita. Rana ta fara karkata yamma, tana shigowa kai tsaye ta gilashin ta kwanta a daidai inda na yi niyyar sa gadonta. Rufin ba shi da baki ko kaɗan da zai yi wa bango inuwa. Na dafa bangon, na janye hannuna.

Ma'aunin ya tsaya a arba'in da ɗaya. Na fita da shi gindin katanga inda akwai inuwa, ya sauko talatin da tara. Cikin ɗakin ya fi waje zafi.

Na koma falon na zauna a kan tayil, jakata a cinya. Babu kujera, babu labule, motsina kaɗai nake ji yana dawo min. Na ciro waya na duba sunaye daga sama har ƙasa ina neman wanda zan gaya wa. Adda za ta ce na cika tsirfa. Bappa zai ce wa ya aike ni. Ashraf kuwa shi ne maganar. Na mayar da wayar jaka.

Da na fito na zagaya baya, inda ba a yi wa katangar filasta ba. Na sa bakin makullin na karci bulo ɗaya, ba da ƙarfi ba. Yashi ya zubo min a kan takalmi.

"Sannu yarinya. Kai ne amaryan injiniya?"

Wata dattijuwa ce a tsallaken layi, zaune gindin mangwaro a kan kujerar roba, ta ɗaura zani a ƙirji tana fifita da murfin bokiti. Na ƙarasa na gaishe ta. Sunanta Madam Esta, tsohuwar nas ce, ta yi ritaya. Gidan da ke bayanta yana cikin na farko da Ashraf ya gina shekara uku da suka wuce, irin fasalin namu sak. Na ce mata ba a ɗaura ba tukuna, gidan nake dubawa saboda mahaifiyata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Zo ka gani. Ni ba zan yi magana ba, idonka zai yi."

Ta kai ni ɗakin kwananta ta ce na taya ta tura drowar kaya. A bayanta bangon ya tsage tun daga kusurwar taga har ƙasa, yatsana ya shige ciki. Silin ɗin falo ya yi taswirar ruwa, fitilun nan masu kala rabi sun mutu. Katifarta tana jingine a baranda.

"A nan nake kwana daga Fabrairu har ruwa ya sauka," ta ce. "Duk abin da ni da maigida na Elias muka tara, nan ya shiga. Shi bai ma kai damina na biyu ba, Allah ya ɗauke shi."

"Kin gaya wa Ashraf?"

"Na kira, na kira. Ya ce Mama zan zo. Yana da ladabi fa, har durƙusawa yake. Damina biyu yanzu yana zuwa." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Yaron ba mugu ba ne. Bai taɓa wuni a gidan da ya gina ba ne kawai."

A keke ina komawa saƙonsa ya shigo: "Malama an tashi? Na ga wasu labule ruwan zuma, za su dace da falon Dada." Na rubuta masa, "Allah ya saka da alheri." Abin da na iya ke nan.

Da yamma ina goge wa Dada baya da ruwan randa, na tsinci kaina ina ba ta labarin duka, kamar da. Ban sa ran amsa ba. Na gaya mata zancen ma'auni, da yashin, da katifar Madam Esta. Ina matse tsumma sai na ji ta riƙo hannuna da hannunta na hagu. Bakinta yana motsi. Na jira. Na koyi jira.

"To... Tobiya."

"Wa, Dada?"

"Iware. Gidanmu."

Sai na tuna. Gidan da aka haife ni a Iware, kafin mu dawo gari, inda muke kwanciya a kan siminti da tsakar rana har barci ya ɗauke mu. Baba yakan ce Tobiya ne ya gina shi, wani magini ɗan ƙabilar Mumuye abokinsa. Ban san ma yana raye ba. Sai da na kira mutum uku a Iware kafin na samu lambarsa.

Ranar Laraba muka haɗu a hanyar Kona. Na ce masa ƙarfe biyu, bai tambaye ni dalili ba. Tsoho ne gajere, gashinsa fari fat, da wata tsohuwar rigar kaki da awon tef a aljihu. Na ce ina so na ga aikinsa, amma ba sabo ba. Ya yi dariya har ana ganin gibinsa.

"Ɗiyan Buba ke nan. Haka babanka yake. Mu je, akwai na shekara tara."

Gidan da ya kai ni ba shi da kyau, gara na faɗa muku gaskiya. Jan bulo ne na ƙasa da ake matsewa da inji, ko fenti babu. Kwanon fari ne, bakinsa ya zazzago sosai kamar malafa, ya yi wa bango inuwa ko'ina. Ta yamma babu taga ko ɗaya, sai bishiyar dalbejiya biyu. A ƙofa Baba Tobiya ya samu dutse ya zauna.

"Ni ba zan shiga ba. Ka tambayi matan gida. In ina wurin ba zai faɗa maka laifi na ba."

Matar gidan ta karɓe ni da ruwan sanyi daga firiji. Nan ma babu wuta tun safe, amma fanka tana juyawa a hankali. Faranti biyu na sola ne a kan rufin, ta ce su ke riƙe fanka da fitilu da ƙaramin firijin, ba su taɓa sayen janareto ba. Kowane ɗaki taga biyu ce suna kallon juna, kudu da arewa, masu buɗewa gaba ɗaya, da raga saboda sauro. Can sama kusa da silin akwai ƙananan kafofi da iska mai zafi take fita. Labulen yana motsi shi kaɗai. Na ajiye ma'aunina a kan tebur, ta dube shi ta dube ni. Talatin da uku.

Na ce, "Don Allah ki gaya min aibunsa."

"Jinkiri," ta ce ba ta ko yi tunani ba. "Zai jiƙa bulo ya ce sai ya yi sati uku kafin a ɗora. Ga taurin kai. Na ce ina son babbar taga ta yamma na riƙa ganin titi, ya ce sai dai na nemi wani magini. Mun yi wata ba ma gaisawa." Ta yi murmushi. "Ƙofar kicin ta taɓa kumbura da damina. Na aika masa da safe, kafin azahar ya zo da kafinta."

Da na fito na zauna a kan wani dutsen kusa da shi. Na zaci zai fara yi min zancen tayil da fenti. Sai ya ce, "Mama yana iya taka matakala?"

Na ce a'a.

"To ba matakala. Wane hannu ne mai ƙarfi?"

"Hagu."

"Ƙarfen riƙewa a banɗaki zai zauna ta hagu. Da rana wa yake zama da shi?"

"Babu kowa."

Ya jujjuya tef ɗin a hannunsa. "To tagan ɗakinsa zai sauko ƙasa, daidai gado. Yana kwance yana ganin dutse, yana ganin masu wucewa. Mutum ba ya jin daɗi in bango kaɗai yake kallo." Sannan ya dube ni. "Kai fa? Kai me kake so a ɗakinka?"

Jama'a, kunya ta kama ni, don hawaye ne suka zubo min ba shiri. Shekara guda ana tambayata ya jikin Dada, yaushe biki, wane kalar labule. Na ce masa zan yi tunani. Ya kau da kai ya kalli dalbejiya har na gama goge fuskata da bakin hijabi.

Na tura wa Adda hoton gidan. Amsarta ta zo nan take: "Wannan ai ajin firamare ne. Hamna, ki rufa mana asiri." Bayan minti biyu wani ya biyo: "Na gaya wa Bappa."

Washegari bayan la'asar Bappa Jibrilla ya yi sallama. Na ce jabbama, marabarmu ta Fulani, na shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, na kawo ruwa. Bai sha ba. Babbar rigarsa fara ce, ya tattare ta a kafaɗa, alamar ba zama ya kawo shi ba.

"Me nake ji? Mai neman aurenki magini, ki tsallake shi ki kai wa wani aiki?"

"Bappa, gidan yana da zafi. Na auna."

"Kin auna." Ya maimaita kalmar a hankali. "Garin nan duka zafi ne da shi. A ciki aka haife mu. Kin san abin da za a ce? Za a ce 'yar Buba ta raina sana'ar mijinta tun kafin ta shiga gidansa. Kuma budurwa ta je ta kafa gida a bayan gari ita kaɗai, da sunan wa?"

"Da sunan Dada."

Daga ƙofar ɗaki Dada ta ɗaga hannu, bakinta ya fara motsi. Na ga tana haɗa kalmar. Bappa ya ce, "Ki huta, Allah ya ƙara sauƙi," ya juyo gare ni. Bai jira ba. Hannun nata ya koma kan cinyarta a hankali. Wannan ya fi duk abin da ya faɗa yi min ciwo.

"Asabar ta sama iyayen yaron nan za su zo a sa rana," ya ce yana neman takalminsa. "Mahaifinsa abokina ne tun muna kiwo. In kika kunyata ni a gabansa, ki nemi wanda zai karɓi gaisuwar, ba ni ba."

Ranar Juma'a Ashraf ya zo kamar kullum, da kankana a leda. Farar shadda ce a jikinsa, ya yi aski. Ni kuwa atamfar da na wuni da ita ce, ko hoda ban shafa ba. Muka tsaya a jikin motarsa a ƙofar gida. Na gaya masa komai a jere, yadda nake yi wa ɗalibai bayani, don in na bar muryata ta yi rawa ba zan ƙarasa ba. Murmushinsa ya riƙa raguwa.

"Wato bincikena kika je yi."

"Ɗakin da uwata za ta wuni na je dubawa."

"Ai da kin faɗa min. Sai na sa mata esi, biyu ma in kina so."

"Da wace wutar, Ashraf? Wa zai tayar mata da janareto ina makaranta? Da wane hannun?"

Ya cire hula ya shafa kansa ya mayar. "Irin ginin da mutane suke so ke nan, Hamna. Kowa baƙin rufi yake tambaya, kowa gilashi. In na yi irin na tsohon nan wa zai saya?"

"Bulon fa? Shi ma haka mutane suke so?"

Ya kau da kai.

"Na shiga gidan Madam Esta," na ce. "A baranda take kwana."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne. Kamar wanda aka buɗe wa ƙofa yana canja kaya. Ya kalli ƙasa, ya kalli bakin layi, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Gidan nan ni na zaɓi komai na cikinsa da hannuna. Ina zaɓa ina tunaninki."

"Na sani."

Na ciro makullin daga jaka na ɗora a kan motar. Na so na ƙara da wata magana, na ce masa wannan daban, ni da shi daban. Sai na fasa, don ni kaina ban tabbata ba. Mutumin da zai durƙusa wa tsohuwa ya ce mata zan zo, damina biyu, ni me zai ce min in nawa bangon ya tsage? Ya ɗauki makullin, ya miƙo min ledar kankanar.

"Ki gaida Dada."

Ranar ce ta farko da ya tafi bai shiga ya gaishe ta ba.

Asabar babu saƙo. Lahadi babu. Na riƙa farkawa ina lalubar waya, na ga babu komai sai sanarwar ƙungiyar malamai. Na kira Adda sau biyu ba ta ɗauka ba. Na yanka wa Dada kankanar da kaina, ban iya yi ƙanana kamar nasa ba. Ta ci biyu ta ture farantin, tana kallon ƙofa. Ita ma jiransa take.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta, na tafi filin hanyar Kona, don na riga na yanke shawarar ginawa za mu yi. Baba Tobiya ya riga ni, da igiya da turaku da guduma. A wurinmu ranar da za a kafa turakun gida dangi suke taruwa, a yi addu'a, a raba goro. Ni kaɗai ce, da lema da robar ruwa. Na yi bisimilla a zuciyata, ya buga na farko. Ya ba ni bakin igiyar na riƙe, yana ja da baya yana duban rana yana duban dutse.

Muna kan kusurwa ta uku wayata ta yi ƙara. Madam Esta ce, mun yi musayar lamba ranar.

"Yarinya, me ka gaya wa injiniya? Tun ƙarfe bakwai yana nan da mutane biyar. Sun fasa bangon ɗaki na, wai za su ɗaure shi da rodi. Shi kansa yana sama, ya cire riga mai tsada, yana duba inda ruwa yake shiga. Na ba shi kujera ya ƙi zama."

Na ce mata to, na gode. Igiyar ta yi sako-sako a hannuna, Baba Tobiya ya ɗago ya dube ni, na ja ta.

Ban kai ga mayar da wayar jaka ba saƙo ya shigo. Sunansa ne, bayan kwana uku.

"Ina gidan Madam Esta. Kin yi gaskiya, kuma ba don ki dawo nake gyarawa ba."

Wani ya biyo baya.

"Na roƙi Baba su dakata da zuwan Asabar. Na ce laifin daga gare ni ne, don kada Bappa ya taɓa ki."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na tsaya cikin rana, lemar ta karkace ban gyara ba.

"Abu ɗaya nake so ki faɗa min, kuma kar ki tausaya min. Gidan kika ƙi, ko wanda ya gina shi?"

Na rubuta "Gidan", na goge. Na rubuta "Ban sani ba", shi ma na goge. Can ƙarshen fili Baba Tobiya ya ɗaga turke na huɗu yana kirana.

"Ɗiyan Buba, ka yi tunanin? Ɗakin Mama na sani. Ɗaya ɗakin fa, na mutum ɗaya zan auna, ko na biyu?"

Ya tsaya da guduma a hannu yana jira. A wayar ma sunan Ashraf yana nuna yana kan layi, bai sauka ba.